Tawakkali a Bakin Kogin Haɗeja

A ƙauyukan yankin Auyo da Ringim, inda ambaliyar shekarar 2022 ta cinye gonakin shinkafa da gero, ta rushe gidajen ƙasa, ana yawan jin wata magana idan aka ce wa magidanci ya kwashe iyalinsa zuwa tudu. Sai ya ce ya dogara ga Allah, kuma gudu alama ce ta raunin imani. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana jefa rayuka cikin hatsari.

Manzon Allah (SAW), wanda babu mai kai shi dogaro ga Ubangiji, ya fita daga Makka a ɓoye lokacin hijira, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya kuma kwana uku a kogon Sauru tare da Sayyidina Abubakar. A cikin kogon ne, bayan an yi duk wannan shiri, ya ce wa abokinsa kada ya yi baƙin ciki domin Allah yana tare da su, kamar yadda aya ta 40 a Suratut Tauba ta bayyana. Tsoron ma bai fitar da mutum daga tawakkali, domin Alƙur'ani ya faɗa cewa Annabi Musa ya fita daga birni yana jin tsoro, yana addu'a.

Saboda haka manomin da ya ga ruwa ya taɓa gindin rumbunsa, ya ɗora buhunan hatsi a kan amalanke, ya kora awakinsa, ya goya tsohuwarsa zuwa makarantar firamare da ke kan tudu, bai rage komai daga imaninsa ba.