Ledar maganin Goggo

Ranar Lahadi na je gaida Goggo a Tudun Wada ta Kaduna, na tarar ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Na ce ta miƙo mini ledar maganinta. Da na zazzage a kan darduma sai da na riƙe baki. Amlodipine, maganin hawan jini, kala biyu, kwali daban, kamfani daban, kuma duka tana sha, don a ganinta ɗaya na hawan jini ne, ɗaya na jiri. Ashe ninki take sha, shi kuwa maganin nan dama yana kumbura ƙafa. Metformin ɗinta na suga ya ƙare tun kafin Babbar Sallah, ba wanda ya lura. Ga diclofenac da wani yaron kemis ya ba ta saboda gwiwa, alhali yana ƙara hawan jini, yana kuma taɓa ƙoda. Ga wani gari a ƙulle da maƙwabciya ta kawo.

Kada wani ya ce an yasar da ita ne. 'Ya'ya bakwai ta haifa, kowa na ƙoƙari. Na Abuja yana turo kuɗi, na Kawo ya kai ta wani asibiti, ta Rigasa ta kai ta wani daban. Kati uku, folda uku, likitoci uku da ba su san da juna ba. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ba maganin hawan jini ba.

Mun saba cewa tsofaffi taurin kai gare su, ba sa son asibiti. Ni dai ban yarda ba. Ku duba yadda ranar ganin likita take. Ta fito bayan asuba ba ta karya ba saboda gwajin suga, a yi ta jijjiga ta a keke napep, ta zauna a benci har rana ta take. In layi ya zo kanta, minti biyar ne, shi ma da ɗanta za a yi, da Turanci, tana zaune kamar kaya. Matar da ta aurar da jikoki, a gabanta ake tambayar wani, “Tana shan maganin kuwa?” Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata, “Goggo, wannan ciwon ba irin zazzaɓi ba ne da ake sha a warke, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai.” To in kai ya daina ciwo, me zai hana ta ce ta warke? Hawan jini kuwa yakan haura 140/90 mutum yana cin tuwonsa lafiya lau, sai dai wata safiya a ga ɓarin jiki ya shanye.

Akwai kuma kara. Tun da naira ta faɗi a 2023, kamfanin magani irin GlaxoSmithKline ma ya tattara ya bar ƙasar, magani ya yi tashin gwauron zabo. Tsohuwa ta fi son ta riƙa tsallake rana ɗaya, kwali ya kai wata biyu, da ta ce wa ɗanta ya ƙare.

Kaduna ba ta rasa manyan asibitoci ba: ga Barau Dikko, ga asibitin sojoji na 44, ga Dantsoho, ga cibiyar ido a hanyar Mando. Amma awon jini na wata-wata ba aikinsu ba ne. Mazaɓu 255 gare mu a jihar nan, kuma tun zamanin Malam Nasir El-Rufai aka sa gaba a kan kowace ta samu ƙaramin asibiti mai aiki. Sai dai tsoho yana ganin wurin na masu ciki ne da rigakafin yara. Me zai hana a ware wa dattawa rana guda a wata? A auna jini, a auna suga, a zazzage leda. Wanda bai zo ba a bi shi gida. Mun iya wannan ai. Gida-gida aka bi, da masu unguwanni, ana rubutu da alli a bango, har aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Ga hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, wadda Goggo ba ta taɓa jin sunanta ba. Wannan kam sakacinmu ne, mu da muka yi boko.

Abin da muka yi a gida ƙarami ne. Mun sayi na'urar awon jini da littafi mai shafi 40. Jikarta da ke kwana ɗakinta ita ke aunawa ta rubuta, duk wanda ya kawo magani ya sa a littafin da kwanan wata, kuma likita ɗaya muka tsayar. Littafin yana hannun Goggo, ƙarƙashin filo, don shi ne sharaɗinta.

Garin maƙwabciya ne ta ce atafau ba za ta zubar ba. Mun dai daidaita za ta tafi da shi ranar Alhamis ta nuna wa likita da kanta.