Masta kan harkar teku ga ɗan Maraɗi: aikin yana kan tudu

In aka ce yaro zai yi masta kan harkokin teku, sai ƴan fada su tuntsire da dariya: mu da Gulbin Maraɗi ma sai damina yake kawo ruwa? To amma shinkafa da tayoyi da ke jibge a kasuwa, jirgin ruwa ne ya sauke su a Lome ko Kotonu ko Tema. Ƙasar da ba ta da teku ta fi kowa buƙatar masanin dokarsa, don kullum ta gidan wani kayanta ke ratsawa. Tun da aka rufe gadar Gaya ta kan iyakar Benin a 2023 kowa ya ɗanɗana.

Sai dai, ƙannena, ku rarrabe hanya biyu tun kafin Alhaji ya sai da gona.

Hanya ta farko tuƙin jirgi ce, masta kuwa ba ta sa mutum tuƙin jirgi. Wannan aikin yarjejeniyar STCW ta 1978, ta horon ma'aikatan jirgin ruwa a duniya, ke tafiyar da shi: likita ya auna ido da kunne, wanda bai bambance ja da kore ya faɗi tun nan, sannan bayan aji a yi aƙalla wata 12 cikin jirgi ana koyo, hafsoshi na sa hannu a littafin horo. Nan ake maƙalewa. Nijar ba ta da jiragen teku, gurbin koyo kuwa ƴan bakin teku ma rububinsa suke. Makarantar da ba ta faɗa maka jirgin da za ka hau ba, riƙe kuɗinka.

A ganina rabonmu na hanya ta biyu: tafiyar da tashar jiragen ruwa, taranzit (aikin fitar da kaya daga tasha da wucewa da su), inshorar kaya, doka. Dubi inda ƴan kasuwarmu ke asara. Alhaji ya sayi kwantena daga Sin da sharaɗin CIF, wato farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora, yana zaton mai sayarwa ke da alhaki har Lome. Ina! Da an ɗora kayan cikin jirgi, haɗarin ya dawo kan Alhaji, inshorar da aka yanka masa kuma mafi ƙaranci ce, sau da yawa ba ta biyan sata. Ko takardar mallakar kaya ta asali, wadda ake fitarwa yawanci kwafi 3, ta makara a banki. Kwantena na zaune, kwanakin kyauta sun ƙare, tarar jinkiri na hawa kullum, tasha na ƙirga nata kuɗin ajiya daban. Har wata tsohuwar doka akwai: in jirgi ya kama wuta aka sadaukar da kayan wani don a ceci saura, kai da naka ya tsira sai ka ba da kasonka kafin a sakar maka shi. Yaron da ya iya karanta waɗannan takardu kafin a sa hannu ya fi ƙarfin albashinsa.

Wajen karatu, mai Faransanci ya duba ARSTM, makarantar ilimin teku ta yanki da ke Abijan. Mai Ingilishi yana da Jami'ar Harkokin Teku ta yanki a Akara. Akwai kuma ta Malmo a Suwidin, wadda IMO, hukumar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa a 1983, sai dai ita ta fi son wanda ya riga ya taɓa aiki, kuma sai da shaidar jarrabawar Ingilishi. Lisans ta doka ko tattalin arziki ko gudanarwa ta dace da wannan layi.

Kada a zarce daga lisans zuwa masta kai tsaye. A fara shekara ɗaya ko biyu a ofishin taranzit ko wajen CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, a san yaren ƴan duwan, a bi kwantena guda daga tasha har sito. Batun kundin bincike ma a ƙofar gida yake: kuɗi da kwanakin da kaya ke ci daga Lome ta Burkina zuwa Maraɗi, ko bututun man Agadem mai kusan kilomita 2,000 da ke ƙarewa a bakin tekun Benin. Ingilishi kuwa a fara tun yanzu, don takardar jirgi da ta inshora da shi suke zuwa, ko da a Lome za a sauke kayan.