Cutar sharka da auren bishiya

Akwai wani labari kan binciken sharka, wata cuta mai kama bishiyoyi. Ya yi daɗi, amma an tsallake babban abu: yadda take yaɗuwa. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suna yaɗa ta tsakanin bishiyoyin fulam da afirkot (plum da apricot, itatuwa masu 'ya'ya da ƙwallo a ciki), sai dai ba sa zuwa nesa. Mutum ne ke ƙetarar da ita ƙasashe, ta reshen da ake yanka don yin aure. Da ta ɓulla a jihar Fensilbaniya ta Amurka a 1999, ba magani, sai sare gonaki aka yi ta yi. Sai 2019 Amurka ta ce ta rabu da ita. Shekara ashirin fa! Ba ta kama mangwaro, amma mu masu dasa ɗan aure, wa ke duba lafiyar reshen da muke saye?