Matan da suka rage wa Yaya kwanakin gashi

Da aka gama yi wa yayata aikin sankarar mama, likita ya rubuta mata gashi, wato haska wurin ciwon da na'ura don kashe ƙwayoyin sankarar, sau 15, mako uku ke nan. Wata 'yar'uwarmu da ta taɓa jinyar mai irin wannan ciwo shekarun baya ta ja ni gefe ta ce, "Anya kuwa? Mu fa sau 25 aka yi wa tamu. Ko dai sun cire rai da ita ne, ko kuma zakaran gwajin dafi suka mayar da ita." Maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci. Ita ta sa na zauna na bi diddigin inda wannan 15 ɗin ta samo asali, kuma abin da na gano ya sauya mini tunani game da binciken da ake yi da marasa lafiya.

Duk wanda ya raka majinyaci ɗakin gashi ya san zama ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Za a fara ɗaukar hoton sikanin na CT, a auna inda hasken zai shiga da inda zai kauce wa zuciya da huhu, a ɗiga alamomi a fata. Kullum sai ta kwanta a daidai yadda ta kwanta jiya, hannu a ɗage sama da kai, ba motsi. Ma'aikata su fita su rufe ƙofa mai kauri, na'ura ta kewaya tana ƙara a hankali. Hasken kansa minti kaɗan ne, amma zuwan da jiran da gajiyar da ke biyo baya su ke cin mutum. Rage zama 10 daga cikin 25 rage wahala ce ta gaske.

To, ba ra'ayin wani likita ba ne ya rage su. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2001, mata 2,215 suka amince a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a a binciken da ake kira START-B. Kashi ɗaya aka ba su ma'auni 50 na haske a zama 25, ɗaya kashin ma'auni 40 a zama 15. Aka bi su shekara 10. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna gajeren tsarin bai gaza dogon ba wurin hana ciwon dawowa, har ma ya fi sauƙin illa ga fata da naman wurin. Daga baya wasu majinyata sama da 4,000 suka shiga wani binciken, FAST-Forward, wanda a 2020 ya nuna zama 5 cikin mako guda na iya wadatar da mata da yawa. Yaya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan mata ba, amma ta ci albarkacinsu.

Batun ƙuri'ar nan ne ke tayar wa mutane hankali, ni ma da farko ya tayar mini. Ta yaya za a ce kwamfuta ce za ta zaɓa wa mara lafiya magani? Amma in aka bar wa likita zaɓi, ko bai yi niyya ba zai karkata: masu ƙarfin jiki ya ba su sabon magani, raunana ya bar su a kan tsoho, sai sabon ya fito kamar ya fi kyau alhali ba haka ba ne. Kuma ba a yin ƙuri'a sai a inda masana da kansu ba su san wanne ya fi ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne tarihin abin da ke faruwa idan ba a yi gwajin ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19, likitan fiɗa William Halsted a Amurka ya kafa tsarin cire mama gaba ɗaya haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata. Shekara kusan 80 ana haka, da kyakkyawar niyya, bisa tunanin cewa yawan yanka shi ne yawan tsira. Mata suka rayu da ramin ƙirji da kumburarren hannu. Sai da Bernard Fisher a Amurka da Umberto Veronesi a Italiya suka gwada a shekarun 1970, aka ga cewa cire ƙullutun kaɗai a bi shi da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire maman duka, ga wadda ciwonta bai yi nisa ba. A binciken Fisher, bayan shekara 20, ciwon ya dawo a maman kashi 39 cikin 100 na waɗanda aka cire wa ƙullutu ba gashi, amma kashi 14 kacal a waɗanda aka yi wa gashin. Haka a shekarun 1990 aka ɗirka wa dubban mata kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo, kafin gwaji ya nuna bai ƙara musu kwana ba. Waɗancan mata su ne ainihin zakarun gwajin dafi, don an yi musu abin da ba a tabbatar ba, kuma yawancinsu ba a cikin wani bincike da za a ƙaru da shi ba.

Hoto ma haka yake. Tun da aka ɗauki hoton CT na farko na wata majinyaciya a Landan a 1971, ido ya shiga inda da sai wuƙa. Amma gani ba kullum yake zama magani ba. A Koriya ta Kudu an yawaita duba maƙogwaron masu lafiya da na'urar sikanin irin ta duba masu juna biyu, adadin waɗanda aka gano suna da sankarar tayirod (wata halitta ce a maƙogwaro) ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, aka yi wa jama'a fiɗa, yawan masu mutuwa da ita kuwa bai sauya ba. A ɗaya gefen, binciken da aka yi da masu shan taba sama da 53,000 a Amurka ya nuna a 2011 cewa CT mai ƙaramin haske ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin 100. Ba don an ƙirga ba, wa zai bambance waɗannan biyun?

Ban ce tsoron 'yar'uwarmu ba shi da tushe ba, ruwa ba ya tsami banza. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar baƙar fata kusan 400 da ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda zai ƙare da su. Irin wannan zalunci ne ya sa yau dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya sa hannu da yardarsa, kwamitin ɗa'a ya duba tsarin, kuma yana da damar ficewa ko yaushe ba tare da an tauye masa kulawa ba. Duk mai binciken da ya tura wa majinyaci takarda ya ce "sa hannu nan" ba bayani, ya ci amana, kuma ya cancanci a tona shi.

Idan likita ya zo muku da maganar shiga bincike, kada ku tashi a fusace, kada kuma ku sa hannu a take. Ku tambaye shi me ake son ganowa, wane magani za a ba ku in kun ƙi, wace illa aka riga aka sani, wa zai ɗauki nauyi in an sami matsala. Ku tafi da takardar gida ku yi shawara.

Ranar da Yaya ta gama zama na 15, muna fitowa na ba ta labarin matan nan 2,215. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya saka musu da alheri. Har da waɗanda ƙuri'a ta ba su 25 ɗin, su suka fi shan wahala."