Wa Ke Cin Moriyar Gumin Ma'aikaci? Albashi da Tsadar Rayuwa Daga Kumasi Zuwa Sauran Duniya

Duk lokacin da aka zo daidaita albashi a Gana, wakilan gwamnati da na masu ɗaukar ma'aikata da na ƙungiyoyin ƙwadago sukan zauna a Akra ƙarƙashin kwamitin ɓangarori uku na ƙasa, kuma akwai wata magana da kusan ko yaushe ake maimaita wa ma'aikata: ku ƙara yawan abin da kuke samarwa tukuna, ƙarin albashi zai biyo baya. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin babu ƙasar da ta taɓa wadata talakawanta ta hanyar raba abin da ba a samar ba. Sai dai abin da ya faru a duniya cikin shekaru 25 da suka wuce ya nuna cewa wannan alkawari ba ya cika kansa da kansa, kuma mu da muke zaune a Asawase da Aboabo da sauran unguwannin zango na Kumasi muna da dalilin sa ido a kansa fiye da kowa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, tana fitar da rahoto kan albashi duk bayan shekara biyu, kuma abin da take aunawa shi ne ƙarfin albashi a kasuwa, wato abin da kuɗin zai iya saya bayan an cire hauhawar farashi. A rahotonta na ƙarshen 2022 ta bayyana cewa a watanni shida na farkon shekarar ƙarfin albashin duniya ya ragu da kashi 0.9 cikin ɗari, kuma wannan shi ne karo na farko da aka ga irin wannan koma baya tun shigowar wannan ƙarni. Annobar korona ta dagula sufuri da masana'antu, yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin mai da alkama da takin zamani, albashi kuwa ya tsaya inda yake. Daga baya abubuwa sun ɗan farfaɗo, domin rahoton Nuwamba na 2024 ya nuna ƙaruwar kashi 1.8 a 2023 da kuma kashi 2.7 a farkon rabin 2024, wanda shi ne mafi girma cikin fiye da shekara 15. Amma wani kaso mai yawa na wannan ci gaba daga nahiyar Asiya ya fito, musamman ƙasar Sin, kuma idan aka cire ta daga lissafin sai alƙaluman su ragu.

A cikin rahoton na 2024 akwai wani lissafi da ya fi dacewa da batunmu. A ƙasashe masu arziki, tsakanin 1999 da 2024, abin da kowane ma'aikaci ke samarwa ya ƙaru da kimanin kashi 29 cikin ɗari, alhali ƙarfin albashinsa ya ƙaru da kimanin kashi 15 kawai. Ma'aikatan sun cika nasu ɓangaren alkawarin, amma kusan rabin ƙarin ne ya iso hannunsu, sauran ya tafi ga masu jari da masu hannun jari da manyan shugabannin kamfanoni. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Amurka ce aka fi kafa misali da ita. Daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa farkon shekarun 1970, albashi da yawan abin da ake samarwa sun tashi kafaɗa da kafaɗa, daga nan suka raba hanya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi rauni, domin a 1983 kimanin kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatan ƙasar ne ke cikin ƙungiya, yanzu kuwa kimanin kashi 10 ne. Masana'antu sun yi ƙaura zuwa inda ƙwadago ke da araha, musamman bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, injuna da kwamfuta sun maye gurbin hannuwa da yawa, kuma mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009. Masana suna jayayya kan girman tazarar, wasu na cewa idan aka haɗa inshorar lafiya da kuɗin fansho za ta ragu, kuma suna da hujja. Amma ko su ɗin ba su ce babu tazarar ba. A ɗaya gefen kuma akwai Birtaniya, inda tun bayan rikicin kuɗi na 2008 yawan abin da ake samarwa ya yi tafiyar hawainiya, albashi ma ya tsaya cak na shekaru masu yawa. Misalan biyu tare suna nuna cewa ƙaruwar abin da ake samarwa sharaɗi ne da ba makawa, amma rabon amfanin yana hannun wanda ke da ƙarfin ciniki a teburin tattaunawa.

A Gana akwai wani ɓarawo da ya riga masu jari shiga aljihun ma'aikaci, wato hauhawar farashi. A watan Disamba na 2022 ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, a shekarar da sidi, kuɗin Gana, ya faɗi daga kimanin 6 a kan dala ɗaya zuwa fiye da ninkin haka, gwamnati ta kasa biyan bashi, aka sake fasalin basussukan cikin gida, kuma a watan Mayu na 2023 aka shiga shirin dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A ƙarshen 2023 hauhawar tana kan kashi 23.2, a ƙarshen 2024 kuma kashi 23.8. Idan aka jera waɗannan shekaru uku, farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu. Mafi ƙarancin albashi na yini kuwa sidi 13.53 ne a 2022, ya koma 14.88 a 2023, sannan 18.15 a 2024, sannan 19.97 a 2025, wato duka ƙarin bai kai rabin asalin kuɗin ba. Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi, domin an ba su alawus na tsadar rayuwa na kashi 15 a tsakiyar 2022 bayan yajin aikin malamai, sannan aka ƙara musu kashi 30 a 2023, amma su ma farashin shinkafa da man girki da kuɗin haya ya tsere musu. Babu wanda zai ce malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya sun rage ƙwazo a waɗannan shekaru. Aikin da suke yi shi suka ci gaba da yi, kuɗin ne ya narke a hannunsu.

Saboda haka ina ganin ƙarin albashi mafi girma da talakan Gana ya samu a 'yan shekarun nan ba daga teburin kwamitin ya fito ba. Ya zo ne a 2025, lokacin da sidi ya yi ƙarfi, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a watan Satumba, kuma ƙungiyoyin direbobi suka rage kuɗin mota da kashi 15 a watan Mayu. Wannan sauƙi ya shafi mai albashi da marar albashi baki ɗaya, ya shafi mai sayar da koko da ƙosai kamar yadda ya shafi akawu. Amma a lura, saukar hauhawar farashi tana nufin kaya sun rage gudun tashi ne kawai, galibinsu ba su koma farashinsu na 2021 ba, kuma giɓin da aka yi a waɗancan shekaru yana nan ba a cike shi ba.

Dole kuma a yi wa ɓangaren gwamnati adalci. Lokacin da aka fara aiki da tsarin albashi na bai-ɗaya a 2010, kuɗin da ake kashewa kan albashin ma'aikatan gwamnati ya kumbura har ya cinye fiye da rabin kuɗin harajin ƙasa, kuma hakan na cikin abubuwan da suka kai Gana ga neman agajin Asusun Ba da Lamuni a 2015. Albashin da aka biya da bashi ko da kuɗin da babban banki ya buga yakan dawo ta hanyar tsadar kaya, kuma wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne wanda ma bai karɓi albashin ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke neman ƙari ba tare da tambayar inda kuɗin zai fito ba suna cutar da mutanen da ba su da wakili a teburin.

Waɗannan mutane kuwa su ne mafi rinjaye. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu aiki a Gana suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, kuma a unguwanninmu lamarin ya fi fitowa fili: teloli, mahauta, masu walda da makanikai a Suwame Magazin (unguwar garejin gyaran motoci a Kumasi), direbobin ƙananan bas na haya da ake kira trotro da yaransu, dillalan shanu, fataken albasa da ke zirga-zirga tsakanin Nijar da Kumasi, da 'yan mata masu dakon kaya a kasuwar Kejetia. Galibinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da ranar karɓar albashi, kuma sanarwar mafi ƙarancin albashi labari ne da suke ji a rediyo. Rahotannin albashi na duniya ma galibi masu albashin wata suke ƙirgawa, saboda haka idan aka ce albashin duniya ya tashi da kashi kaza, wannan ba hoton Aboabo ba ne.

A nan ne nake ganin maganar ƙara ƙwazo ta zama rashin adalci. Yarinyar da ke ɗaukar kaya a ka tun asuba har magariba babu wani ƙwazo da ya rage mata da za ta ƙara. Abin da mutum ke samarwa a awa ɗaya ya fi dogara ga kayan aikin da ke hannunsa da wutar lantarki da hanya da jari da horo, kuma kusan duk waɗannan ba a ikon ma'aikaci suke ba. Telan da ke da keken lantarki zai ɗinka ninkin abin da mai keken ƙafa zai ɗinka, amma a shekarun yawan ɗauke wuta da ake kira dumsor, musamman daga 2012 zuwa 2016, da yawa sun koma taka keke ko sayen man janareta da ribar da ya kamata ta zama ladan yaransu. Makanikin Suwame ya ƙware a injin da ake kwancewa da sifana, amma motocin yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su, kuma na'urar gano matsalarsu tana buƙatar kuɗi da koyo. Idan ya je banki neman rance, kuɗin ruwa ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari a shekarun baya-bayan nan, ban da cewa da yawa daga cikin mutanenmu suna ƙyamar bashi mai ruwa saboda addini, kuma har yanzu hanyoyin samun jari marar ruwa ba su wadata ba. Mai albasa kuwa yana iya asarar wani ɓangare na kayansa tsakanin jinkirin kan iyaka da shingayen hanya da rashin rumbun ajiya mai kyau, kuma duk buhun da ya ruɓe ladan lebura ne ya ruɓe.

Ko alƙaluman ƙasa ma suna iya yaudara. Ana samun matsakaicin abin da ma'aikaci ke samarwa ne ta hanyar raba dukan arzikin da ƙasa ta samar da yawan masu aiki. Tun da aka fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a ƙarshen 2010, tattalin arzikin ya bunƙasa da kimanin kashi 14 cikin ɗari a 2011, kuma zinariyar Obuasi da Tarkwa ta sa Gana cikin sahun gaba a Afirka. Amma mai da manyan ma'adinai injuna ne ke yin yawancin aikinsu, mutane kaɗan suke ɗauka, kuma wani ɓangare na ribar yana ficewa waje. Matsakaicin yakan tashi a takarda, alhali tela da mahauci suna inda suke. Abin da ya ɗaga albashi a Sin da Koriya ta Kudu shi ne kwashe miliyoyin mutane daga ƙaramin noma zuwa masana'antu masu injuna. Mu kuwa matasanmu sukan baro gona su shigo birni su faɗa cikin talla da acaba da ƙananan saye da sayarwa, ayyukan da amfaninsu bai fi na gonar da suka bari da yawa ba.

Shirin tattalin arziki na awa 24 da gwamnatin Shugaba John Dramani Mahama ta ƙaddamar a 2025 ya kamata a auna shi da wannan ma'auni. Idan injin da ke aiki awa takwas zai yi aiki dare da rana da rukunin ma'aikata uku, jarin zai ba da amfani mai yawa kuma za a ɗauki ƙarin mutane, wannan ci gaba ne. Idan kuwa mutum ɗaya ne za a tsawaita wa lokacin aiki a kan ladan da bai canja ba, to an ƙara gajiya ne kawai. Nasarar shirin tana rataye a kan wuta mai ɗorewa da farashinta ya yi daidai da ƙarfin masana'anta, da tsaro da sufurin dare, da kuma biyan haƙƙin aikin dare yadda ya kamata.

Idan gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da gaske suke yi kan ɗaure albashi da yawan abin da ake samarwa, sai su amince igiyar ta ja ta ɓangarori biyu. Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta riƙa wallafa lissafin kowane fanni a bainar jama'a duk shekara, a rubuta a yarjejeniya cewa idan amfanin aiki ya tashi albashi zai tashi da shi, kuma a fara mayar wa ma'aikaci abin da hauhawar farashi ta cinye kafin a soma maganar lada kan ƙwazo. Mu ma a zango akwai namu rabon gyaran. Masu gida da yawa suna riƙe yaro shekaru da sunan koyon sana'a, bayan ya ƙware har shi ke tafiyar da rabin aikin shago, amma abin da yake samu bai wuce kuɗin abinci ba. Ƙungiyoyin teloli da na makanikai da na mahauta, tare da sarakunan zango da limamai, suna da ikon tsayar da wa'adin koyo da mafi ƙarancin abin da za a riƙa ba yaron da ya iya aiki, kuma wannan ba ya buƙatar jiran zaman kowane kwamiti a Akra.