Mahujin hannu ba kayan gwangwan ba ne

Jama'a, duk wanda yake da tsohon mahujin katako na hannu a gida, irin wanda ake murzawa, don Allah kada ya miƙa wa 'yan jari bola. A kilo za su auna shi, a haɗa da ruɓaɓɓen kwano a kai narkawa, alhali ƙarfen jikinsa yau ko da kuɗinka da wuya ka samu irinsa.

Ni ina tara su, ina kuma aiki da su. Mafi yawan waɗanda nake tsinta a wajen masu tsofaffin ƙarafa ƙirar Ingila ne. In ka goge tsatsar da kananzir da sanfefa, sai ka ga Stanley ko Sheffield a jiki. Stanley asalinsa kamfanin Amurka ne tun 1843, amma a 1937 ya sayi wata masana'anta a birnin Sheffield na Ingila, shi ya sa za ka ga sunan Amurka da tambarin Ingila a ƙarfe ɗaya.

Wanda na fi so shi ne mai lanƙwasasshen hannu, wanda ake tokare ƙulun samansa da tafin hannu ko ƙirji. Ku dubi bakinsa da kyau. A tsininsa akwai ɗan zare irin na sukuru, shi ne yake jan kansa cikin katako, ba sai ka danna da ƙarfin tsiya ba. Kunnuwa biyu na gefe su zana da'ira, sannan kaifin ƙasa ya riƙa ɗago ɓawon katakon yana fitowa a nannaɗe. Da tsinin ya leƙo ta baya sai ka tsaya, ka juya katakon, ka ƙarasa ta can. Ramin zai fito tsaf, babu tsagewa. Lambar jikin bakin ma lissafi ce: an raba inci kashi 16, don haka lamba 8 rabin inci ke nan. Yaran shago nawa ne suka san wannan yau?

Nan ne damuwata take. Ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa, ko wajen kafintocin unguwa, yaro bai kai wata uku ba an damƙa masa dirila ta lantarki. Bai san bambancin maɗaci da farin katako a hannu ba, don injin ba ya barinsa ya ji. Mahujin hannu kuwa yana gaya maka komai: inda kulli yake, inda katakon bai bushe ba, lokacin da bakin ya dakushe yana neman magagari.

Wani oga ya ce da ni, "Malam, kayan ɗakin amarya ake jira ranar Juma'a, wa ke da lokacin murza wannan?" Gaskiyarsa. Mai huda allunan MDF (na matsattsen garin katako) ɗari a wuni ba zan ce ya koma hannu ba. Amma ranar da aka ɗauke wuta, batir ya mutu, fetur kuma tun cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda yake, sai ka ga shago guda an zauna ana hira saboda ramuka huɗu na ƙafar gado.

Masu tarawa irina ma ina da magana da mu. Wasu sai su wanke, su shafa fenti, su rataye a falo. Haba! Ajiyar kallo aikin gidan tarihi ne, irin Gidan Makama na Kano. Namu a ɗiga musu mai, a wasa bakin, a ba yaro ya huda da su. In za ka saya, ka duba haƙoran da ke riƙe bakin ba su karye ba, zaren tsinin kuma bai cinye ba, don in ya cinye babu maƙerin da zai dawo maka da shi.

Wanda yake da na mahaifinsa a ƙasan gado, ya ɗauko hotonsa ya sa a nan mu gani.