Wa ya ɗauke tsanin?

Duk wanda ya zo gidana a Ƙofar Kaura ya ga hitar solar nan da na ɗora a saman kwano bara, wadda Kawu bai taɓa ƙauna ba. Tanki ne kwance, dogayen kwalabe baƙaƙe a jere ƙarƙashinsa. Ba ruwanta da wuta ko inji, rana ke dafa ruwan cikin kwalaben, mai zafi ya hau tanki, mai sanyi ya gangaro. To hunturu na kamawa, lokacin da ake nemanta, sai ta fara tsiya. Ka buɗe famfo da asuba ya yi tari, ya tofo iska, ya ɗigo ɗan ruwa mai ɗumi. Daga baya ma ya ɗauke ɗif.

Yaron da ya haɗa mana yana Funtua wajen aiki, sai ya ba ni karatu ta waya. In goge ƙurar hazo, don ita ke tare rana. In duba gindin kowace kwalba, in yana sheƙin azurfa lafiya lau, in ya koma fari to iska ta shiga, ta tashi aiki. Sannan in tabbatar akwai ruwa a tankin. Ya fara wata magana da "amma fa Oga, kada ka", sai layi ya katse.

Na aro tsani wurin Alhaji maƙwabcina, na tura autata ta zaga gidaje ta sanar za a hau sama, na jira rana ta take don sanyi, na hau da singileti da tsohon wandon barci. Ƙura kam kamar an barbaɗa garin kuka. Na goge, na leƙa gindin kwalabe, duk suna sheƙi. Na ƙwanƙwasa tanki, ashe wayam yake. Da na yi kira ƙasa, sai Kawu ya amsa hankali kwance cewa shi ya rufe famfon da ke kai ruwa sama, wai ɗigon da ke fitowa ta bututun numfashi yana hana shi ƙailula. Na ce, "Haba Kawu, a taimaka a buɗe." Ya buɗe har ƙarshe.

Abin da layi ya cinye ke nan. Kwalbar da ta bushe a tsakar rana takan haura digiri 200, ba a zuba mata ruwan sanyi sai da asuba ko da dare. Ji na yi tas! Tururi ya feso, na yi tsalle baya, ƙusar kwano ta cafki wandona, ɓarrr, daga ƙugu har gwiwa. Na rarrafa bakin rufi in sauka, babu tsani.

Daidai nan aka kira Azahar. Masallacin kuma kun san shi, ƙofarsa na kallon gidana. Na zauna a kan kwano mai zafi, hannu ɗaya riƙe da wando, ruwa na kwarara ta ƙasana yana zuba a indararo. Liman ya ɗago kai, ya tsaya cak.

"A'a, Malam, barka da rana."

"Barka kadai, Allah gafarta Malam."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya iyali? Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya mai jiki? Na ji an ce Kawu na fama da ƙafa."

Kawu da ke tsaye garau bakin famfo! Na ce da sauƙi. Duk wanda ya zo sai ya ɗauko tasa gaisuwar daga farko, kuma ba wanda ya tambayi me nake yi a can ko me ya sa ba na motsi. Ladan ne kawai ya ce a sauko a yi alwala, za a tayar. 'Yan firamare suka taso, suka yi cirko-cirko, wani ya ce ɓarawon kwano ne, wani ya ce a'a baban wance ne. Ta bayan katanga kuma Hajiya Babba, da ke tsare a ɗaki tun da aka sanar, ta ɗaga murya: "Wai mai hawan saman nan kwana zai yi ne? Shinkafata na kan wuta!"

Alhaji ne ya aiko a ɗauke tsanin, wai za a gyara masa eriya. Mutumin nan barona yana gidansa tun babbar Sallah, ni ban aika ba. Ya ari tiyona ya dawo da shi da ɗaurin roba a wuri biyu, ban ce uffan ba. Ruwan burtsatsena yaransa ke ɗiba safe da yamma, kuma in ba a kawo wuta ba ni ke sayen man janareta a tayar da sumo. Amma tsani, tsani na katako da ƙusa ta fito a matakala ta uku, shi ne ba zai yi haƙurin rabin awa ba. Da aka gaya masa ina sama, cewa ya yi ai ya ɗauka na gama. Bai leƙo ba, bai aiko a duba ba. Sai da aka idar da salla, aka yi addu'a, sannan yaronsa ya jingina mini shi yana danne dariya.

Irin wannan hitar, kwalba ɗaya in ta fashe ruwan tankin duk ta nan yake tsiyayewa, sai an sauya ta. An ce daga Kano za a kawo, wai direban da aka ba wa saƙon ya ƙi ɗaukar gilashi. Yanzu dai a tukunya muke dafa ruwa, kuma Kawu ke fara ɗiba.